Darasin Wannan Wata: Teku Tana Hawa a Ikko, Wa Take Fara Ci?

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata zai kai mu nesa da gida. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta shi a hankali a gaban jama'a, ya riƙa tsayawa domin masu tambaya. In akwai wanda ya taɓa zama a Ikko, wadda yaran yanzu suke kira Legas, a ba shi wuri a gaba, gama zai taimake mu ƙwarai.

Wani zai ce, ina ruwan manomin dawa da teku? Yana da gaskiyarsa. Garin Jos ya fi bakin teku tsayi da mita wajen 1,200, ko teku ta yi hauka ba za ta iso gonarmu ba. Amma bari mu yi tambaya ɗaya. A cikin masu zama a nan, wa ke da ɗa, ko ƙane, ko suruki a Ikko? A ɗaga hannu. Mun tabbata hannuwa ba za su yi kaɗan ba. Sa'an nan a tuna inda kwandunan tumatirinmu suke zuwa, da buhunan albasa da dankali da kabeji. Da yawa a kasuwar Mil 12 ta Ikko ake sauke su. Shanunmu kuwa a mahautar Oko-Oba ta Agege ake yanka su. Ashe muna da ruwa da teku.

Me ya sa teku take hawa

Dalilai biyu ne manya, zafi kuwa shi ne uwarsu. Tun da aka soma ƙone kwal da man fetur da gas da yawa a masana'antu da motoci, hayaƙinsu yana taruwa a sararin sama, yana riƙe zafin rana kamar yadda bargo yake riƙe zafin jiki. Duniya tana ɗumama. Mafi yawan wannan zafi, wajen kashi 90 cikin 100, teku ce take shanye shi.

Kowace mace ta san abin da ke faruwa in ta cika buta fal har baki ta aza a wuta. Tun ruwan bai tafasa ba zai soma zuba, gama ruwa yakan kumbura in ya yi zafi. Haka teku take yi. Wannan shi ne dalili na fari. Na biyu, akwai ƙasashe a ƙurewar arewa da ƙurewar kudu na duniya, watau Girinlan da Antatika, inda ƙanƙara take jibge bisa ƙasa, kaurinta a wasu wurare ya wuce kilomita biyu. Akwai ta kuma bisa manyan duwatsu. Tana narkewa, ruwanta yana gangarawa teku.

Masanan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara domin binciken yanayi sun ba da lissafinsu a 2021. Sun ce daga 1901 zuwa 2018 teku ta hau santimita 20, watau kamar taƙi ɗaya na hannun babban mutum. Abin lura shi ne saurin. Daga 1901 zuwa 1971 tana hawan milimita 1.3 a shekara, a ce kaurin ƙwayar acca. Daga 2006 zuwa 2018 kuwa milimita 3.7 a shekara, kusan ƙwayar dawa ke nan. Sun kuma ce kafin shekara ta 2100, in ƙasashe sun rage hayaƙi sosai, za ta ƙara santimita 28 zuwa 55. In kuwa hayaƙin ya ci gaba da ƙaruwa, za ta ƙara santimita 63 zuwa mita ɗaya, kamu biyu ke nan. Kada mu ga kamar 2100 tana da nisa. Jaririn da aka haifa a 2025 zai cika shekara 75 a lokacin.

Afirka duka ba ta fi kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi take fitarwa ba. Wani ya hura wuta, wani yana shan hayaƙi. Amma kada mu wanke hannu sarai, gama gas ɗin da ake ƙonewa a banza a rijiyoyin mai na Neja Dalta namu ne.

Taƙi ɗaya, me zai yi?

A nan ne mutane suke ruɗewa. Suna tsammani teku za ta tashi dare ɗaya ta rufe gari. Wasu ma suna yaɗa ji-ta-ji-ta cewa Ikko duka za ta nutse a shekara kaza. Ba haka ba ne. Ikeja da Agege suna kan tudu. Amma tsibirin Ikko, da tsibirin Biktoriya, da doguwar ƙasar Lekki, da unguwannin bakin tafki, wurare da yawa a cikinsu ba su fi mita biyu bisa ruwa ba.

Mai noman fadama zai gane abin da sauri. In ka haƙa lambatu domin ruwa ya fita daga gonarka ya shiga rafi, yana aiki muddin rafin yana ƙasa da gonar. Ran da rafi ya cika ya yi daidai da bakin lambatun, ruwan gonarka ba shi da wurin zuwa, har ma na rafi ya biyo lambatun ya shigo maka. Ikko haka take. A bayanta akwai wani babban tafki wanda yake haɗe da teku ta wata ƙofa. Mafi yawan magudanun gari cikin tafkin suke zuba, haka nan Kogin Ogun. Teku kuwa takan cika ta janye sau biyu kowace rana. In ruwan sama mai ƙarfi ya sauka daidai lokacin cikar teku, magudanu sai su tsaya cik. Kowane santimita da teku ta ƙara yana ƙara yawan irin waɗannan ranaku. Wurin da ruwa yake kwana sau ɗaya a shekara goma, sai ya koma kwana kowace shekara.

An ga misali a watan Oktoba na 2010, sa'an da aka saki ruwa daga madatsar Oyan, Kogin Ogun ya cika, ruwa ya mamaye Agiliti da sauran unguwannin da ke kewaye da Mil 12, mutane suna shiga gidajensu da kwalekwale. A ranar 10 ga Yuli 2011 kuma ruwan sama ya wuni yana zuba, gari ya tsaya, mutane fiye da ashirin suka mutu.

Akwai kuma gishiri. Ruwan teku yana bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiyoyi, ruwan sha ya koma ba ya shawuwa. Sa'an nan ƙasar kanta tana lotsawa a wasu wurare. Gama an cike fadama da yashi an aza manyan gidaje a kai, ga rijiyoyin burtsatse ko'ina suna zuƙe ruwan da ke ƙasa. Ruwa yana hawa, ƙasa tana sauka.

Gari yana girma zuwa wajen ruwa

A ƙidayar 1963 mutanen birnin Ikko 665,000 ne. A ƙidayar 2006 an ce jihar tana da mutum miliyan 9, gwamnatin jihar kuwa ta ƙi, ta ce sun wuce miliyan 17. Ko wanne muka ɗauka, girman ya isa abin mamaki. An mai da babban birnin ƙasa Abuja a 1991, amma wannan bai rage masu zuwa ba.

Mun san dalilin zuwansu, gama daga gidajenmu wasunsu suka fita. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911 mutanen arewa suke sauka Ikko, fataken goro suka kafa zango a Agege. Farin 1973 da na 1984 suka kori wasu. A 'yan shekarun nan kuwa rashin zaman lafiya, da ƙarancin gona, da tsadar taki sun kori waɗansu. Dā ɗan ci-rani yakan tafi bayan kaka ya dawo da ruwan fari. Ba ya ganin daminar Ikko ko kaɗan. Yanzu da yawa suna shekara a can, suna gadi, suna tura kurar ruwa, suna dako, suna tsintar ƙarafa a juji, suna cikin ruwan Yuni da Yuli tsundum.

Tudu ya riga ya cika, hayarsa kuwa ta fi ƙarfin talaka. Saboda haka gari yana faɗaɗa ta wajen ruwa, ta hanya biyu. Mai kuɗi yana kawo injin da ke zuƙo yashi daga tafki ya cike fadama ya yi gini. Talaka yana cike tasa fadamar da shara da ɗusar katako, ya kafa ɗakin langalanga. Su biyun duk sun toshe wurin da ruwa yake kwanciya dā. An kuma sare itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri, masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, waɗanda suke karya ƙarfin raƙuman ruwa, suna kuma riƙe laka. A gabas, a Lekki, an buɗe masana'antar taki ta Dangote a 2022, aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa da matatar mai a 2023. Duk inda aka kafa irin waɗannan, dubban ma'aikata da masu neman aiki sukan bi, kowa kuwa yana bukatar wurin kwana.

Kunyar da ta tura ruwa gonar maƙwabci

Kowace ƙungiya ta taɓa sasanta irin wannan faɗa. Mutum ya ja babbar kunya a kan iyakarsa domin ya kāre gonarsa, ruwa ya juya ya yanka gonar na ƙasa da shi. A bakin teku ma haka ne, sai dai a can yashi ne abin faɗan.

Raƙuman ruwa a gaɓarmu suna kwasar yashi daga yamma zuwa gabas, kullum, dare da rana. Abin da suka ɗebe a wuri, wani yana zuwa daga yamma ya maye. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen shingaye na duwatsu a ƙofar tafkin, domin kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. Jirage suka sami hanya. Amma yashin da ke zuwa daga yamma ya tsaya a bayan shinge, gaɓar da ke gabas, wadda ake kira Bar Beach, ta daina samun rabonta. Teku ta yi ta cinta shekara da shekaru. Gwamnati ta yi ta zuba yashi, teku tana kwashewa, har ruwa ya riƙa haurowa kan titin Ahmadu Bello na tsibirin Biktoriya. Mu lura, wannan ɓarna hannun mutum ne ya fara ta, hawan teku ƙari ne a kai.

Daga wajen 2008 aka soma wani babban aiki a wurin. Aka zuƙo yashi daga cikin teku aka cike inda ta ci, domin a gina sabon birni mai suna Eko Atlantic. Aka tsara masa katanga mai tsawon fiye da kilomita 8, ta duwatsu da tubalan kankare, kowane tubali nauyinsa tan 5. Katangar tana aikinta, ta kuma kāre tsibirin Biktoriya, ba mu musun wannan. Amma fili a bayanta sai attajiri na gaske. Mutanen ƙauyukan da ke gabas da ita, kamar Okun Alfa, sun ga teku ta ci gidajensu da itatuwan kwakwarsu. Suna cewa cin ya ƙaru tun da aka soma aikin, masu aikin kuwa suna musu. A watan Agusta na 2012 raƙuman ruwa suka auka wa masu kwana a rumfunan gaɓar Kuramo, kusa da wurin, mutum fiye da goma suka hallaka. Bayan haka aka rushe rumfunan waɗanda suka tsira.

Ruwa ɗaya, mutum biyu

Yanzu mun zo zuciyar darasin. A ce ruwa ya shiga gida biyu a dare ɗaya, ya kai gwiwa a kowanne.

Na fari ma'aikacin banki ne a Lekki. Ya hau bene da iyalinsa. Da safe ya kunna injin zuƙe ruwa, ya sayi ruwan sha na roba. Motarsa ta lalace, abin ya yi masa zafi, amma albashinsa yana nan ƙarshen wata. Yana da takardar mallakar filinsa, ba mai cewa ya tashi. In abin ya dame shi sai ya sayar ya koma Ikeja ko Abuja.

Na biyu ɗanmu ne, mai tura kurar ruwa, su shida a ɗaki ɗaya na katako a bakin magudana. Tabarmarsa a ƙasa take. Kuɗin da ya tara na wata huɗu domin sayen taki suna cikin leda a ƙarƙashin tabarmar, tare da katin shaidarsa. Ruwan da ya shigo masa ba na sama kaɗai ba ne, ya haɗo da na masai. Kwana uku ba aiki, watau kwana uku ba abinci, gama abin da ya samu yau shi yake ci yau. Bayan mako ɗaya sauro ya ƙyanƙyashe, zazzaɓi ya kama shi. In an yi rashin sa'a amai da gudawa ya shigo unguwa, kamar yadda ya ɓarke a Ikko a watan Yuni na 2024. Ba shi da takardar haya, sunansa ba ya cikin littafin kowa. In an zo rabon taimako ba za a kira shi ba. Ba ya jin Yarbanci sosai, sanarwar rediyo ta wuce shi.

Ruwan ɗaya ne, zurfinsa ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne abin da kowa yake da shi kafin ruwan ya zo: tsayin wurin kwana, ajiya a wuri mai lafiya, takarda, jama'ar da ta san da shi, da wurin gudu. Masana suna auna waɗannan abubuwa unguwa unguwa kamar yadda suke auna tsayin ƙasa, gama sun gane taswirar ruwa kaɗai ba ta nuna wanda zai sha wahala. A cikin matalautan ma akwai na baya: tsoho wanda ba ya iya gudu, gurgu, mace mai ciki, da gwauruwa mai ƙyafa kifi wadda jarinta duka yana cikin murhu ɗaya a bakin ruwa.

Maroko da 'yan'uwanta

Akwai wani haɗari na biyu wanda talakan bakin ruwa yake tsoro fiye da ruwan kansa, watau motar rusau.

Maroko babbar unguwar talakawa ce dā, kusa da tsibirin Biktoriya. A watan Yuli na 1990, a tsakiyar damina, gwamnatin soja ta jihar a ƙarƙashin Raji Rasaki ta ba mazauna kwana bakwai su tashi. Dalilin da aka bayar shi ne wurin kwari ne, ruwa yana kwana, zama a ciki haɗari ne ga lafiya. Aka rushe ta duka. Mutum wajen 300,000 suka rasa wurin kwana. Kaɗan daga cikinsu aka ba ɗakuna a Ilasan da Ikota, inda ruwa yake kwana shi ma. Sa'an nan aka cike Maroko da yashi. Yau tana cikin filaye mafi tsada a Nijeriya.

Otodo Gbame ƙauyen masunta ne na ƙabilar Egun a bakin tafki a Lekki. Daga Nuwamba 2016 zuwa Afrilu 2017 aka kori mutanensa, fiye da 30,000, aka ƙone gidaje, wasu suka kwana cikin kwalekwale a kan tafki da 'ya'yansu. A watan Yuni na 2017 babbar kotun jihar ta yanke hukunci cewa korar mutane haka ba tare da an shirya musu wurin zama ba ta saɓa wa tsarin mulki. Amma ƙauyen ya riga ya tafi.

Bari mu yi wa hukuma adalci. Gaskiya ne ɗakunan da aka kafa a kan magudana suna toshe ruwa, su jawo wa gari duka ambaliya. Gaskiya ne kuma akwai wuraren da bai kamata ɗan Adam ya kwana ba. Amma a ganinmu, in wuri ya yi wa talaka haɗari, sa'an nan bayan shekara biyar ya yi wa attajiri kyau, to ba ruwa ne ya kore shi ba. Wanda aka kora kuma ba ya ɓacewa. Yakan je ya nemi wata fadama wadda ta fi ta dā zurfi, ya fara daga farko ba jari. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Mutanen Makoko kuwa, masunta ne da suka kafa gidajensu bisa turaku a cikin tafki tun kakanni. Yaro ƙarami a can ya iya tuƙa kwalekwale. Sun fi kowa sanin zama da ruwa, da an tambaye su da an koyi abu. A 2012 an ba wani sashensu sa'a 72 su tashi.

Ayetoro

Akwai wani gari da ya kamata kowace ƙungiyar gama-kai ta san labarinsa. Sunansa Ayetoro, a ƙasar Ilaje ta Jihar Ondo, gabas da Ikko. A 1947 waɗansu masunta 'yan wata ikkilisiya suka ware suka kafa shi a bakin teku. Suka haɗa dukiyarsu wuri ɗaya, ba mai cewa wannan jirgi nawa ne. Da ribar kifi suka kafa wurin ƙera jiragen ruwa, da makarantar koyon sana'a, suka sa wa kansu wutar lantarki tun manyan garuruwa da yawa ba su gan ta ba. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa domin su ga abin da haɗa kai yake yi.

Gaɓarsu ta laka ce, teku kuwa tana cin laka da sauri. Ta riga ta cinye babban sashe na garin, da gidaje, da makarantu, da wurin sujada. Mutane suna cire katakon gidajensu suna ja da baya, tana biye da su. An ba da kwangilar gina musu shinge a 2004, aka sāke bayarwa a 2009, ba a gama aikin ba.

Mun kawo wannan domin kada mu ruɗi kanmu. Mu masu wa'azin haɗa kai ne, amma akwai kayan da ya fi ƙarfin ƙungiya. Adashi ba ya gina katangar teku. Abin da haɗa kai ya yi wa mutanen Ayetoro shi ne ya hana su watsewa, ya kuma ba su baki ɗaya da suke kai kuka da shi, har labarinsu ya fita duniya. Akwai ƙananan ƙauyuka a wannan gaɓa da teku take ci shiru, ba mai jin sunansu.

Abin da ya shafe mu

Game da taki kada hankalinmu ya tashi. Masana'antu da tashoshin jirage suna da masu kāre su, gama akwai dukiya mai yawa a ciki. Game da tumatir ma, mafi yawan namu na rani ne, yana sauka Ikko lokacin da hanyoyi suke bushe. Kayan damina su ne abin dubawa, kamar dankalin Filato da kabeji da tattasai, da waɗanda suke isa a watan Satumba da Oktoba, lokacin da Kogin Ogun yake cika. Mota ta kwana biyu a hanya saboda ruwa, rabin kaya ya ruɓe. Ƙungiyar da take haɗa mota ta yi magana da direba da dillali tun kafin a yi lodi, a san wanda zai ɗauki hasara in an makara, a rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma a aza dukan amfanin shekara a kan kasuwa ɗaya.

Maganar 'ya'yanmu ita ce babba. Ba mu ce a hana su tafiya ba. Kuɗin da suke aikowa shi ne takin gonaki da yawa, shi ne kuɗin makaranta, kowa ya sani. Amma mukan tambaye su nawa suka samu, ba mu tambayarsu inda suke kwana. Uba ya tambayi ɗansa: Ɗakinku a tudu yake ko a kwari? Bara ruwa ya shiga? Ya kai ina? In ya shiga da dare, ina za ku nufa? Wa ya san da kai a unguwar, sarkin Hausawa, ko shugaban 'yan garinmu, ko wani dattijo? Yaron da yake cikin ƙungiyar 'yan garinsu yana da wanda zai neme shi. Wanda ya tafi shi kaɗai, sai an kwana uku ba a ji shi ba tukuna a soma cigiya.

Kuɗi kada ya kwana a ƙarƙashin tabarma. Yanzu ana aikowa ta waya cikin minti ɗaya. Ma'ajin ƙungiya yana iya buɗe shafi a littafi domin 'yan ci-rani, abin da yaro ya aiko a rubuta da sunansa, a ajiye masa har lokacin sayen taki. Katin shaida kuwa a ɗauki hotonsa a bar kwafi a gida. Wanda ya iya komawa tsohon tsari, ya dawo da ruwan fari ya yi noma, ya tsere wa watanni mafi muni a can, ya kuma kama mafi amfani a nan.

Sa'an nan mu juyo da ido gida. Mun ga ambaliyar Binuwai da Neja a 2012, mun sāke ganin ta a 2022, inda mutum fiye da 600 suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Ba ruwan teku ba ne, amma bai zaɓi mutane dabam da yadda teku take zaɓa ba. A ƙauyenmu, wa ke noma gindin kwari inda ruwa yake fara ci? Sau da yawa baƙo ne da aka ara wa gona, ko gwauruwa wadda dangin miji suka bar wa saura. Rumbun wa ne yake kusa da rafi? In ƙungiya ta ja babbar kunya ko ta tare rafi domin lambu, gonar wa ruwan zai faɗa, an kuwa tambaye shi? In mun ga laifin waɗanda suka rushe Maroko, sai mu duba ko muna da ƙaramar Maroko a bayan gari.

Ga aikin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi kafin taro na gaba. Magatakarda ya ware shafi biyu. A na fari ya rubuta sunan kowane ɗan ƙungiya ko ɗan gidansa da ke Ikko, ko Fatakwal, ko Warri, ko Kwatano, da unguwar da yake, da lambar wani da ke kusa da shi ban da tasa. A na biyu, mutum uku su zaga gari tare da wani tsoho wanda ya tuna inda ruwan 2012 ya tsaya, su rubuta gidaje da rumbuna da gonakin da ke ƙasa da wurin, da sunan mai kowanne. A cikin mutum ukun nan a sa mace ɗaya, gama mata sun fi sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. A kawo littafin a karanta a gaban kowa kafin a soma rabon taki.